Inda Jaki Ya Saba Tsayawa

Duk wanda ya yi gini a tsibirin Lamu a shekarun da nake magana a kai ya san Famau mai jakuna. Shi ne gajeren nan mai faɗin kafaɗa da ake tararwa a bakin teku tun rana ba ta yi zafi ba, yana jiran jiragen katako su sauke tubalan dutse da aka sassaro daga tsibirin Manda da ke tsallake. Da an sauke sai ya cika mangala, ya kora jakunansa cikin gari suna tafe ɗaya bayan ɗaya. Mota ɗaya ce tak a tsibirin a lokacin, ta babban jami'in gwamnati, ita ma ba ta da wurin zuwa sai kai da komowa a bakin ruwa, don babu lungun da zai ɗauke ta. Saboda haka duk abin da ya shiga gidan mutum, daga buhun shinkafa har gadon amarya, a bayan jaki ya shiga, kuma da wuya ka samu gida a unguwar Mkomani da babu gumin Famau a bangonsa.

Ba ɗan cikin gari ba ne. Daga ƙauyen Matondoni ya zo yana saurayi, da jakin kawunsa guda da wani akwatin katako da bai ko cika ba. Aikin kirki na farko da ya samu shi ne kai tubali gidan wani dattijo mai sayar da yadi, wanda yake ɗora bene a kan tsohon gidansa saboda 'yarsa Mwanaheri ta isa aure. Haka muke yi a nan, uba ne ke tanadar wa 'yarsa gida, miji ya kwaso kayansa ya tare. Kowa a unguwar ya san wanda ake yi wa ginin, wato Kombo, dogon saurayin nan ɗan asalin Mkomani mai farin baki, wanda in dai aka yi tseren jakuna a bikin Maulidi to sai dai a nemi na biyu. Famau ma ya sani. Yana jidar tubalin yana cewa a ransa, wasu dai da sa'arsu aka haife su.

Sai Kombo ya tsaya shiririta, yau yana Mombasa gobe yana Malindi. Ita kuwa Mwanaheri, da take leƙen masu aiki ta tagar sama, ta buɗe baki ta gaya wa gwaggonta cewa ɗan Matondonin nan da ba ya dukan jakinsa shi take so. Aka yi mamaki, aka yi surutu, aka ɗaura aure. Famau ya ɗauki akwatinsa ya shiga gidan da shi ya jido duwatsunsa.

Da wani ne, da ya gode wa Allah ya miƙe ƙafa. Famau ya gode, amma ƙafar ba ta taɓa miƙuwa ba. A can ƙasan zuciyarsa ya riga ya yanke cewa ɗakin Kombo yake kwana a ciki, kuma da Kombo bai yi nawa ba da shi ko ƙofar bai gani ba. Mwanaheri ta haifa masa 'ya, Tima, ta raine ta har ta aurar. Ta yi jinyarsa lokacin da tubali ya faɗo masa a ƙafa, tana soya mahamri, irin fanken nan namu, tana aikawa kasuwa har ya warke. A duk tsawon zaman nan ko sau ɗaya ba ta ambaci sunan Kombo ba. To ka ji inda abin haushin yake. Da ta ambata, da ya ce ga shi nan, tana tuna shi. Da ba ta ambata ba, sai ya ce ai ɓoyewa take yi, wa yake ƙin faɗin sunan maƙwabci in ba da wani abu ba? Mutum in ya so ya azabtar da kansa ba ya rasa bulala.

A waje kuwa ba ka ganin komai. Famau mutum ne mai barkwanci, kuma yana da wani abu da ya yi suna a kai. In rana ta take aka sauke wa jakuna kaya, sakin su ake yi su yi ta yawo cikin gari, kowane da shaidar ubangidansa a wuya. Famau ya san su kaf, ya san uwar kowane, ya san halinsa. Bayan la'asar yakan zauna a dakalin Lali mai gahawa a bakin teku, inda maza ke taruwa, ya riƙa ba da labarin mutane daga jakunansu.

"Ni ba na tambayar mutum ina ya je," in ji shi. "Mutum maƙaryaci ne. Jakinsa nake kallo. Ku nuna mini ƙofar da jaki ya tsaya shi kaɗai, in gaya muku ƙofar da maigidansa ya saba tsayawa."

Da haka ya tona wani malamin makaranta da jakinsa ya riƙa kafewa a ƙofar wata bazawara a unguwar Langoni. Famau ya sa shi a gaba da tsiya har malamin ya gaji ya je ya nemi aurenta. Tun daga ranar aka laƙaba masa Malamin Jakuna, shi kuma sunan yana yi masa daɗi ƙwarai.

Kombo ya daɗe da barin sana'ar. Ya sayi jirgi mai inji yana ƙetarar da mutane daga tsibirin zuwa tsallake, ya yi teɓa, ya sayar da jakunansa duka sai wata tsohuwar jaka mai launin ƙasa-ƙasa da ake kira Halwa, wadda ya ci tserensa na ƙarshe a kanta. Ita ma ba don ƙauna ya bar ta ba, babu mai saye ne.

Wata rana a lokacin iskar kudu, Famau ya dawo cin abincin rana sai ya tarar da jaka tsaye a ƙofar gidansa, ta sa hanci a jikin ƙyauren, ta saki kunnuwa irin na wadda ta zo inda ta sani. Bai buƙaci duba wuyanta ba, Halwa ce. Ya daka mata tsawa, ya kore ta har ƙarshen lungu, ya shiga gida ya ci shinkafa da kifi bai san me ya ci ba.

Washegari tana nan. Jibi ma tana nan.

Lungun gidan nasu kuwa in jaki ya tsaya a ciki to an rufe hanya, sai mutum ya manna bayansa da bango ya ja ciki kafin ya wuce. Ke nan duk mai wucewa sai ya taɓa ta, duk wanda ya taɓa ta sai ya ga shaidar, duk wanda ya ga shaidar kuma ya san ƙofar waye. Ba a yi mako ba maganar ta isa dakalin Lali.

"Malam, an ce ka yi baƙuwa," wani masunci ya ce yana hura gahawarsa.

"Baƙuwa mai naci kuwa," wani ya karɓe. "Jiya sai da na cire hulata kafin na samu na wuce."

"To a fassara mana mana! Mu jahilai ne, ba mu iya karatun jaki ba."

Aka fashe da dariya. Wasa suke yi, wallahi wasa suke yi, don babu wanda bai san Mwanaheri ba a garin nan, kuma babu mai kawo wani abu a ransa game da ita. Bashin tsiyar da ya daɗe yana yi musu suke ramawa. Famau ma ya yi dariya, har ya tafa da na kusa da shi. Amma ya ajiye gahawar bai ƙarasa sha ba.

Daga nan mutumin ya lalace. Sai ya bar jakuna da kaya a tsakiyar hanya ya faɗo gida ba sallama, ya tarar da matarsa tana kankare kwakwa ita kaɗai. Sai ya tsaya a soro yana shaƙar iska, wai ko zai ji warin man inji. In ta sa turare ya tambayi kansa don wa. In ba ta sa ba ya ce ta gane yana lura ne. Ya riƙa kallonta ta gefen ido, mace mai furfura a goshi da ciwon gwiwa, yana ganin yarinyar nan ta tagar sama, yana tuna cewa ba shi aka gina wa tagar ba.

"Baban Tima, lafiya kuwa?" ta tambaye shi rannan da ya ture kwano. "Ko gishirin ne ya yi yawa?"

"Lafiya lau."

"To ai ka rame. In wani abu ne ka faɗa mini."

Ga ƙofa a buɗe, kalma biyu ta isa. Amma in zai tambaya dole ya kira sunan da aka yi shekaru ba a kira ba a gidan, kuma yana tsoron abin da zai gani a fuskarta in ta ji shi. Ya ce mata zafi ne ke damunsa, ya tashi ya fita.

Ranar da abin ya faru, ya dawo daga sallar la'asar ya sake tarar da Halwa a ƙofar. A wannan karon bai kore ta ba. Ya kwance igiyar da ke ƙugunsa ya zarga mata a wuya, ya ja ta har bakin teku, tana tirjewa yana fizga. Aka yi rashin sa'a ruwan teku ya janye, jirage sun zauna a kan laka, Kombo bai da aikin yi ya zo shan gahawa. Yana zaune a tsakiyar dakalin ya baje, yana ba da labari.

"A'a, Halwa!" Kombo ya ce da fara'arsa. "Wallahi na ma manta da tsohuwar nan. Famau, ina ka samo ta?"

"Ka fi ni sanin inda na samo ta."

"Ni? Rabona da in hau ta tun kafin azumi. Ko ɓarna ta yi maka? Faɗi abin da ta ci in biya."

"Abin da ta ci ba ya biyuwa."

Lali, wanda ya girme su duka, ya ajiye butarsa ya ce, "Famau, zo ka zauna. Ga gahawa, ka sha ka huce. Wasa ne fa ake yi maka, ɗan'uwa."

"Ba wasa a ciki, Baba Lali. Ya ce bai san inda take zuwa ba. To ga ta, ga shi, ga ku. Zan sake ta yanzu, kowa ya taso ya ga hanyar da aka koya mata."

"Kai, ka san abin da kake faɗa kuwa?" Kombo ya miƙe, fara'ar ta ɗauke. "Ka ji tsoron Allah, Famau."

"In ba ka da abin ɓoyewa, biyo ni."

Ya zare igiyar. A tunaninsa Kombo zai kunyata, Kombo zai sunkuyar da kai a gaban mutane sau ɗaya a rayuwarsa. Ko kaɗan bai tuna cewa hanyar nan ƙofa take ɓullewa ba, kuma akwai mutum a bayan ƙofar.

Halwa ta girgiza kunnuwa, ta juya, ta kama hanya a hankali. Famau ya bi ta. Kombo ya bi shi yana magana, sauran suka zubo a baya, wasu don su raba, wasu don kada a ba su labari. Suka bar bakin teku suka shige ta gefen masallaci, hanya ta fara tsukewa, mutum biyu suka daina jerawa. Aka koma layi ɗaya, jaka a gaba, maza a baya, babu abin da kake ji sai ƙarar kofato da silifa a kan dutse da ruwan kwata yana gudu a gefe.

Wajen kwanar da ake sayar da gawayi zuciyar Famau ta fara sanyi. Ya ga inuwar benen gidansa, ya ga zanen da matarsa ta shanya yana kaɗawa a sama, sai abin da yake shirin yi ya bayyana masa tsirara. Ya waiwaya. Ƙirjin Kombo ne a bayansa, bayan Kombo wani, bayan wani wani, har inda ido ya kai, kowa na turo na gabansa. A lungunan garin nan ba a juyawa in akwai mutane a bayanka, sai dai duk layin ya yarda ya koma da baya. Da ya ɗaga murya ya ce a koma, da an koma. Sai dai zai faɗa ne a kan fuskar Kombo, wannan kuwa ya gagare shi.

Halwa ta isa ƙofar ta tsaya, ta sa hanci ta tura ƙyauren sau biyu.

Aka zare sakata. Mwanaheri ta leƙo da tasa a hannu, cike da ɓawon mangwaro da tukar kwakwa, ɗankwali kawai a kanta, tana magana da muryar da take yi wa jikoki.

"Kin zo, tsohuwa? Yau ina kika tsaya har na fara..."

Ta ɗago ido. Ta ga mijinta da igiya a hannu, ta ga lungu cike da maza har kwana. Ta ja gefen ɗankwalin ta rufe fuska.

"Baban Tima, rasuwa aka yi?"

Sai wani daga can ƙarshen layi, wanda ba ya hango komai, ya ɗaga murya ya ce, "To yaya? Ta tsaya? Ƙofar ce?"

Mwanaheri ta sunkuya ta ajiye tasar, jakar ta sa kai. Sannan ta miƙe ta yi magana.

"Na same ta ne tana cin kwali a bakin kwata, ƙashin haƙarƙarinta duk a waje, ga gyambo a baya. Na ba ta ɓawo, ta dawo, na ƙara mata. Laifi ne? Ta wace ce ma?"

Ba ta sani ba. Ina za ta sani? Mace mai zaman gida ina ruwanta da shaidar wuyan jaki? Famau kuwa, shi da ya san cewa ko ɗan jaki ka ba ɓawo sau ɗaya sai ya dawo, shi da ya faɗa wa yara haka ba adadi, wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba ko na minti ɗaya.

"Tawa ce," Kombo ya ce a hankali, kansa a ƙasa. "Ki yi haƙuri, Maman Tima. Ki yafe mana."

Ta dubi Kombo kamar yadda ake duban kowane mai wucewa. Sannan ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa, har ya ga lokacin da ta gama haɗa komai, warin da yake shaƙa a soro, faɗowar da yake yi ba sallama, kwanon da yake turewa, da ma shekarun da suka gabaci wannan. Ta koma ciki ta rufe ƙofar ba tare da ta buga ta ba. Layin ya fara warwarewa daga baya, kowa na ja da baya yana kallon ƙafarsa.

Da ya dawo daga sallar magariba ya tarar da akwatinsa a kan dakalin ƙofa, wancan na katako da ya zo da shi daga Matondoni, an goge masa ƙura an jera kayansa a ciki a ninke. Ya ƙwanƙwasa. Ta zo bayan ƙyauren amma ba ta buɗe ba.

"Maman Tima, sharrin shaiɗan ne. Ki saurare ni."

"Da ni ka tambaya, Baban Tima, da na zage ka tas, na yi kwana biyu ba na kula ka, mu shirya. Amma jaka ka tambaya. Ka tara gari ka tambaye ta, ita ka yarda da ita."

"Na tuba."

"Ni na zaɓe ka. Ta tagar can na nuna ka da yatsana, ana ta yi mini dariya. Ashe duk zaman nan ni kaɗai na san haka."

Ya ji takunta yana hawa bene.

Manya sun sa baki. Lali ya je, limamin unguwa ya je, Tima ta taso daga Malindi ta yi kuka a wajen uwa ta yi kuka a wajen uba. Mwanaheri ta ce ita ba ta nemi takarda ba, ba ta kuma riƙe shi a zuci ba, amma gidan na ubanta ne, kuma in ta ji takunsa a soro sai ta ga lungun nan cike da maza. Famau ya kama ɗaki a Langoni kusa da turken jakunansa. Ya daina zuwa dakalin Lali. Halwa kuwa, kunya ta sa Kombo ya kai ta gonar wani ɗan'uwansa a bayan gari.

Famau ya yi watanni yana kauce wa lungun, ko da hanyar za ta ninka. Sai aka ba shi aikin kai tubali wani gida da babu yadda za a isa sai ta lungun. Ya sa babban jakinsa a gaba, Kusi, wanda aka haifa a hannunsa, ya sunkuyar da kai yana addu'ar su wuce da sauri. Suna isa ƙofar Kusi ya ja ya tsaya. Famau ya yi masa magana, ya tura, ya ja kunne, har ya ɗaga sanda, abin da bai taɓa yi ba. Jakin ya kafe da kayansa, ya sa hanci a jikin ƙyauren. Mutane suka taru a baya suna jiran hanya, kuma duk iya tsiyar mutanen garin nan babu wanda ya ce uffan.

Sakata ta motsa. Ƙofar ta buɗe kaɗan, hannu ya fito da tasa, hannun da ya sani da ƙunar mai a bayan babban yatsa. Hannun ya ajiye tasar, ya shafa goshin Kusi, ya ɗan ja masa kunne.

Famau ya tsaya riƙe da igiya yana kallo. Kishin da ya taso masa a lokacin ya fi duk wanda ya taɓa yi wa Kombo zafi, don wannan karon da idonsa ya gani, kuma da gaske ne. Ya ji kamar ya hankaɗe jakin ya tsaya a wurin. Ya daure, ya jira har Kusi ya lashe tasar.

Ginin nan an daɗe da gama shi, har an yi biki a ciki. Amma har yau in la'asar ta yi za ka ga Famau, ya tsufa yana ɗingishi, ya biyo Kusi ta lungun ba kaya a bayansa. In ka tambaye shi sai ya ce jakin ne mai taurin kai. Ƙofar takan buɗe kaɗan, tasa ta fito, a shafa kan jaki.

"Sannu da aiki, Maman Tima," yakan ce.

Hannun yakan ɗan dakata a kan goshin Kusi, sannan ya koma ciki.